Jan Ƙyallen Baba Daidai

An haifi mutumin da unguwa ta sani da Baba Daidai ranar tara ga watan Maris na 1958, ya kuma shafe shekara arba'in da ɗaya a gaban injin fere ƙarfe. Sunan ya samo asali daga bakinsa: kome aka kawo masa, sai ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ce ko daidai ne ko ba daidai ba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, mai taga guda. Injin na da tsini biyu masu fuskantar juna, na kai da na wutsiya, kuma a tsakaninsu ake ɗaure sandar ƙarfe tana juyawa ana fere ta. Muddin tsinin biyu suna kan layi ɗaya, sanda za ta fito da kauri guda daga farko har ƙarshe. Wani lokaci kuwa aiki kan buƙaci sanda mai tsukewa, sai ya kwance noti ya gusa wutsiyar gefe kaɗan da gangan. Don kada ya manta, tun yana saurayi ya ɗauki wata al'ada: duk ranar da ya gusa wutsiya, sai ya ɗaura jan ƙyalle a marikinta, ba ya kwance shi sai ya mayar da ita.

A shekarar da ya cika sittin da huɗu yanar ido ta rufe masa idon dama. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta yi ta fama har ya yarda a yi masa aiki. Asibiti suka kira shi ya zo kwana biyu kafin ranar da aka sa, ya bar shago a gaggauce, ya yi mako shida bai leƙa ba.

Da ya dawo, aikin farko shi ne sandar famfon ruwa. Ya fere ta a natse, ya auna, sai ya tarar gefe ɗaya ya fi ɗayan sirantaka da kamar kaurin gashi uku. Ya dubi marikin wutsiya, babu ƙyalle, saboda haka bai zargi injin ba. Ya fere ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Ya zauna a kan benci, ya tabbata a ransa cewa aikin idon bai yi ba, kuma mai fere ƙarfen da ba ya ganin ma'auni ya gama sana'a.

Maƙwabcinsa mai walda, abokin tsokanarsa na shekara talatin, ya leƙo ya ce ashe likitoci sun cire yanar sun haɗa da Daidai ɗin, yanzu sai a koma kiransa Baba Kusan-Daidai. Da ya ga ba a rama ba, jikinsa ya yi sanyi, ya koma shagonsa.

Baba Daidai bai gaya wa 'yarsa ba. Matarsa kaɗai ya shaida wa, da rana tsaka, cewa zai nemi mai sayen injin. Ita kuwa, wadda yake kira Maman Likita, ba ta yi gardama ba. Ta ce in dai za a sayar, to mai saye zai same shi tsaf, domin lokacin da yake kwance ta share shagon, ta goge injin, ta wanke duk tsummokaran da ta samu. Ta shiga ɗaki ta fito da su a ninke. Na sama ja ne.

"Wannan a ina kika same shi?"

"A jikin marikin nan na baya. Ya yi baƙi ƙirin da mai, Malam, sai da na jiƙa shi kwana biyu."

Ya tashi ya nufi shago, tana biye da shi. Ya ɗauko reza sabuwa, ya matso da wutsiya a hankali har tsinin biyu suka kama rezar a tsakaninsu. Da suna kan layi, da ta tsaya a miƙe. Sai ga ta ta karkace kamar ƙofar da aka bari a buɗe. Ya gan ta sarai, da idon daman nan. Nan take ya tuna sanda mai tsukewa da yake yi ranar da asibiti suka kira.

Ya kwance noti ɗaya, ya ɗaure ɗayan, kaɗan-kaɗan, yana gwada rezar, har ta miƙe. Sanda ta huɗu ta fito da kauri guda. Ya auna ta sau uku, ba don yana shakka ba, sai don daɗin ganin lambobin.

Maman Likita ta so ta ba da haƙuri, ya hana ta. Ya ce laifin nasa ne, da ya yi shekara talatin da bakwai da mace a gida ɗaya bai taɓa gaya mata ma'anar tsumma ba. Ita kuma ta ce da ya riƙa wanke kayansa da kansa, da ba a kai nan ba. Mai walda ya jiyo dariya ya leƙo, aka miƙa masa sandar da ma'auni, aka ce ya auna in ya iya karatu.

A makon ne Baba Daidai ya yanke shawarar yin alamar da ba ta wankuwa. Ya yanko ɗan faifan tagulla, ya goge gefensa, da niyyar ya huda shi ya sa masa sarƙa ya riƙa ratayawa a madadin ƙyallen. Sai aiki ya yi yawa. Faifan na nan a bakin taga, ba a huda shi ba, jan ƙyallen kuma na rataye a ƙusa kusa da injin, inda babu mai taɓa shi.