Lambar Wayar Doña Fidelina

Shekara tara Eulogio Mosquera yana bara, yana miƙa hularsa ga direbobi a danjar bakin kasuwa a birnin Cali. Kada ku ce ƙyuya ce, wallahi ba ita ba ce. Duk inda ya je neman aiki sai a tsare shi da katin shaida, adireshi, lambar waya. Kati dai ya samo bayan wata biyar yana sintiri. Adireshi coci ta ara masa. Waya kuwa, mai kwana a rumfar masu kifi ina zai ɓoye ta?

Da ya cika takardar neman aiki a garejin wankin bas, sai ya rubuta lambar Doña Fidelina, mai hayar waya a ƙofar kasuwa, wadda ta ɗaure wayoyinta da sarƙa a jikin tebur. Aka ce za a kira.

Kwana uku ya kasa ya tsare a gefen teburin, ko danjar bai leƙa ba.

"Kai tsoho, matsa, kana kore min ciniki!" in ji Fidelina, tana tura masa kofin kofi.

Chucho, abokin bararsa, ya zo yana dariya. "Wankin bas? Abin da za su ba ka a yini, hularka ta tara shi kafin rana ta take."

"Na sani."

"To me kake nema, ɗan'uwa? Ciwon baya?"

"Wurin da in ban zo ba, za a ce ina Eulogio."

Chucho ya ce lallai yunwa ta taɓa masa kai.

Rana ta huɗu waya ta yi ƙara. Fidelina ta gyara murya kamar sakatariyar gwamna, har da laƙaba masa Don, laƙabin girmamawa. "Don Eulogio? Bari in duba ko yana kusa." Ga shi kuwa a gabanta! Ya karɓa, sarƙar ta yi gajarta, sai a durƙushe ya ji an ce ya zo Litinin.

Gaskiyar Chucho, kuɗin ba su kai na hula ba, bayansa ma ya yi ciwon. Har yanzu a rumfar kifi yake kwana. Amma wata huɗu bai yi fashi ba, sai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi.

Yana kwance a kan kwali ya hango Fidelina ta baro teburinta, abin da ba ta taɓa yi ba, tana haki.

"Tashi, shugabanku ne! Sai faɗa yake, wai ina Eulogio, bas shida na jira!"

Eulogio ya fashe da dariya har da hawaye, daɗi ya cika shi.

"Uwar ɗakina, don Allah kira min Chucho. Ki maimaita a gabansa."