Idwal Prosser da Makullin Zaure

"To ka gani, a Hamburg ɗin nan, lasifikar da ke bayana ta fi firjin uwarka tsawo," in ji Kawu Idwal. "Awa shida kullum. In muka sauko, Meurig ya buɗe baki zai yi magana, sai in ga leɓe kawai na motsi. Mu yi ta ƙyaƙyata dariya. Wawaye!"

"Ba wanda ya ce ku toshe kunne?"

"Me?"

"Na ce ba wanda ya ce ku toshe kunne?"

"Kai Emlyn, kana magana kamar mai roƙon gafara a coci. Buɗe baki mana! Toshe kunne? Wa zai yarda a gan shi da auduga a kunne 'yan mata na kallo?"

Muna zaune a kicin ɗinsa ranar Lahadi, wajen ƙarfe biyu na rana, yayyafi na dukan taga. Ya yanka mini burodin zabibi ya lafta masa man shanu. Ba labarin Hamburg ya kawo ni ba, na ji shi ya fi sau goma. Na zo ne in gaya masa cewa yau ƙarfe huɗu, a wurin gwajin waƙa, Malama Nesta, mai jagorantar waƙarmu, za ta ba shi makulli.

A ƙungiyar mawaƙan maza ta garinmu, Pantymoel, ba a korar mutum. In murya ta gaji ko kunne ya mutu, mai jagorantar waƙa sai ta kira shi gaban kowa, ta yaba masa, ta miƙa masa makullin zaure. Daga ranar shi ke buɗe ƙofa, ya jera kujeru, ya dafa shayi. A tafa masa ƙwarai. Ba zai sake tsayawa a sahu ba.

Ba kawuna ba ne na jini. Maƙwabcin mahaifiyata ne, a layinmu kuwa duk babba kawu ne ko inna. Ubansa mahaƙin kwal ne, shekara arba'in yana tsaye a sahun baya na ƙungiyar, cikin masu kaurin murya. Idwal ya shiga rami yana da shekara goma sha biyar, ya shiga ƙungiyar yana da sha shida. Tsofaffi sun ce muryarsa siririya ce mai ƙarfi, in ya ɗaga ta har matan da ke wanke kofuna a baya sukan tsaya.

Sai rediyo ta kawo kiɗan rok. Shi da abokinsa Meurig, mai ganguna, da wasu biyu suka haɗa ƙungiya, suka ce sunanta 'Ya'yan Rami. Suna fitowa daga aiki su wanke baƙin jiki, su cusa kaya a tsohuwar motar mai sayar da kifi, su bi kulob-kulob na ma'aikata a garuruwan kwarinmu. Ranar da Idwal ya ce ya bar sahu, ubansa na goge takalmi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Allah ya ba ka murya, kai kuma ka zaɓi kaɗa ƙugu." Daga ranar, shekara tara bai ƙara ce masa uffan ba.

Wani mutum daga London ya ji su a Cardiff ya tafi da su. Can aka ce sunan Idwal ba zai sayu ba, aka laƙaba masa wani sunan Ingilishi da har yau ba ya son a ambata. Faifansa na farko ya yi tashe bazara guda cur, ko'ina ka shiga shi ake sawa. Da aka nuna shi a talabijin, layinmu kaf suka cika falon gidansu, wasu na leƙe ta taga. Uban ya fita tsakar gida yana ba tantabarunsa hatsi har aka gama.

Faifai na biyu bai sayu ba, na uku ma ba a fitar ba. Daga nan sai Hamburg, sai jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, inda yake rera waƙoƙin wasu mutane suna cin abinci. Matarsa ta gaji da jira ta kama gabanta. Ya dawo gida shekarar babban yajin aikin mahaƙa kwal, ya yi ta waƙa kyauta ana tara wa iyalan mahaƙa abinci. Aka rufe ramin duk da haka. Uban kuwa ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Idwal ne ya yi jinyarsa, yana ɗaga shi yana kwantarwa. Sun yi magana, in ji shi, amma kan tantabaru da ƙwallon zari-ruga. Zancen waƙa ba wanda ya taɓo.

Sati biyu da binne tsohon, Idwal ya je zaure ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu. Mutum biyu suka matsa, wuri ya buɗe. Ya samu aikin shara a makarantar firamare, yana yi har ya yi ritaya, ranar Lahadi kuma bai taɓa fashi ba.

Ni shekara uku ke nan da shigata, aka tsayar da ni kusa da shi. Rana ta farko na ji tafin hannu a gadon bayana. Na waiwaya, ya ce, "Kalli gabanka, ɗan burodi. Aron ƙashinka nake yi." Motar gidan burodi nake tuƙawa, shi ya sa. Abin ƙara ji da likita ya ba shi na maƙalawa a kunne, in murya sittin suka tashi, sai ya kama fito a kunnensa, don haka yakan cire ya sa aljihu. Ta bayana yake gane komai. In na ja numfashi ya shirya, in ƙirjina ya yi rugugi ya bi, in na tsaya ya tsaya. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Ranar Alhamis muka binne Meurig. Danginsa maza sun yi kaɗan, aka roƙe ni in kama akwatin gawa, sai na ƙare a ɗaya gefen kabarin, nesa da sahu. Aka fara waƙa. Kawu Idwal ya rufe ido. Malama Nesta ta sauke hannu, kowa ya yi shiru, shi ya ci gaba. Shi kaɗai, baiti guda cur, muryar ta zame daga kan hanya tana hawa inda bai kamata ba. Matar Meurig ta ƙura wa ƙasa ido. Da ya buɗe ido, kowa ya sami abin kallo a wani wuri.

"Ba ka cin burodin?" in ji shi yanzu a kicin. "Ko na gidanku ya fi?"

Na ci. Ya ba ni labarin yadda Meurig ya taɓa faɗowa daga kan dandamali da gangunansa a wani jirgi, bai fasa kiɗa ba. Na saurara. Sau uku ina shirya maganar a bakina, sau uku ina haɗiye ta da shayi. Agogo ya buga uku da rabi, ya tashi ya ɗauki kwat.

Muka gangara ta layin tsohon ramin, lema ɗaya. Daidai shagon nama, wanda ke rufe, ya tsaya. Ya laluba aljihu, ya maƙala abin jin a kunne.

"Emlyn. Ranar Alhamis. Na wuce ku ko?"

Na gyaɗa kai.

"Da yawa?"

"Baiti ɗaya, Kawu."

"To aƙalla ya yi daɗi?"

Da na ce e, da ya yarda, don ba shi da wanda zai tambaya. Na dubi ruwan da ke bin kwata. Na ce, "A'a, Kawu."

Ya daɗe yana kallon ƙugiyoyin da ke rataye cikin shagon.

"Na san da wani abu," in ji shi. "Heddwyn mai naman nan ya ba ni hannu har sau biyu. Mutumin da ko ƙashi ba ya bayarwa kyauta." Ya yi ɗan murmushi, ya ɓace. "A kan kabarin Meurig. Da yana da rai da ya jefe ni da sandar kiɗa."

"Laifina ne. Ba zan sake barin gefenka ba. Zan roƙi Malama."

"Kai tafi can. Bayanka naka ne, yaro. Gobe wata yarinya za ta ja ka Cardiff, in ce mata ta bar mini rabi?"

Muka tarar da Malama Nesta ita kaɗai a zaure, zaune gaban fiyano, da ambulan a kan fiyanon. Tana ganin mu ta miƙe, fuskarta ta yi ja.

"Nesta," in ji shi, "ba ni abin nan tun kafin tsofaffin banzan nan su zo su tafa mini."

"Idwal, na rubuta jawabi. Kwana biyu ina..."

"Ajiye shi sai ranar jana'izata. Yau ɗin ma ba ji zan yi ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta riƙe ambulan ɗin da hannu biyu. "Ka tsaya a sahu mana. Ka riƙa motsa baki kawai. Ba wanda zai ce komai."

"Na taɓa yi, a talabijin. Faifai suka sa, ni ina buɗe baki kamar kifi, uwata na gida tana kuka wai ɗanta na waƙa. Sau ɗaya ya isa."

Ya miƙa hannu. Ta zazzage masa makullin a tafi, da guntun igiyarsa. Ya jujjuya shi ya sa aljihu. Daga waje muka fara jin takun maza da tarinsu, ana karkaɗe lema.

"Mutum nawa ne yau?" ya tambaye ta.

"Hamsin da takwas."

"Da bakwai," in ji shi. "Emlyn, kai sukari biyu ko? Jeka wurinka, kar ka tsaya kana kallona kamar tunkiya."

Ya cire kwat ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya nufi kicin ɗin baya don ɗora ruwa.