Ranar da Na Hana Kawu Sauka

Kawuna, ƙanen innata, ya dawo daga yaƙin Nasara da lambar girma a ƙirji da ƙafa ɗaya da yake ja. Ni kuma na zo hutu Gaya daga babbar lakwal, makarantar boko, ina ji da faransancina, ba na barin kowa ya manta na yi karatu.

Kwanansa goma a gida kumandan, Baturen da ke mulkin Gaya, ya aiko gardi, ɗan sandan bariki. An gama sabuwar hanyar mota, yana so ya buɗe ta da zagaye: a ɗauki kawu a nuna shi gari gari, talakawa su ga yadda ake girmama wanda ya yi wa Nasara yaƙi. Tafintan bariki yana kwance da zazzaɓi, sai aka ce ni in je. Inna ta ce ba ta so. Na ce ai ba shawararta aka nema ba.

Motar ba ta da rufi. Kumandan yana gaba da direbansa, mutumin Dahome da ba ya jin Hausa, ni da kawu muna baya. Ranar farko muka bi bakin kogi zuwa Tunuga, ruwa na ƙyalli ta tsakanin giginyu, masunta suna tsayar da jirage suna kallonmu. Washegari muka yi arewa. Mun wuce masu dafa gishiri a fadama, mun wuce tsofaffin ganuwoyi da suka zube awaki ke hawa. Kowane gari da kiɗa, da yara a jere, da mai gari riƙe da kwandon ƙwai. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ban taɓa ganin ƙasarmu daga bisa tana gudu ba.

Bayan Yelu kawu ya taɓa ni.

"Ɗiyata, in mun kusa Karakara, ki ce masa a tsaya in sauka."

"Fitsari ne?"

"Ke dai bakinki ba linzami. Saƙo ne gare ni."

Ya fito da ɗan ƙulli daga aljihu. Zobe ne da laya na wani ɗan Karakara da aka kama su tare aka kai yaƙi. A hannun kawu ya cika. Uwar mamacin ba ta sani ba, kuma kawu ya yi alkawari shi zai gaya mata. A wajenmu mai kai labarin mutuwa ba ya shiga gari a bisa abin hawa. A ƙasa yake zuwa, ya tuɓe takalmi a ƙofar gida, ya zauna, ya gaisa a hankali, sannan ya faɗa.

"Da wannan ƙafar, kawu? Sai magariba ka isa."

"In isa dai. Su shiga su yi kiɗansu, ni in bi ta baya."

"To wa za a nuna, ni?"

Kumandan ya waiwayo, agogo a hannu, ya tambayi abin da jarumin ke cewa. Na dubi agogon. Na tuna yadda ya yi dariya a Tunuga da wani tsoho ya durƙusa ya zuba ƙasa a kai. Ban so in buɗe baki da faransancina mai kyau in yi bayanin takalmi da zama a ƙasa, ya dube ni kamar yadda ya dubi tsohon. Sai na ce: yana cewa hanyar ta yi kyau ƙwarai.

Kumandan ya ji daɗi. Shekarun da kawu ya yi cikin Nasara sun ishe shi ya gane abin da na faɗa, amma in ya gyara, ya tona ni gaban Bature. Ya mayar da ƙullin aljihu.

Da ganguna muka shiga Karakara. Aka sa kawu ya miƙe tsaye cikin mota don kowa ya ga lambar. Muna tsayawa a dandali wata tsohuwa ta ratso mutane, doguwa, gari a hannuwanta, daga turmi ta taso. Ta dafa ƙarfen motar.

"Sannu da zuwa, ɗana. Kai ne na Gaya? Ina ka baro abokin tafiyarka?"

Kawu ya sauko da ƙyar, ya zauna a ƙasa gabanta ya soma kwance takalmi. Takalmin soja ne, da igiya mai tsawo da ƙyalle naɗe har gwiwa. Igiyar ta ƙulle. Makaɗa ba su daina ba, don ba wanda ya ce su daina. Tsohuwar tana tsaye tana kallon hannunsa. Kafin ya cire na farko ta gama ganewa.

"Bar takalminka," ta ce. "Na ji."

Ta juya. Ya bi ta da takalmi ɗaya a hannu. Ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ya daɗe zaune a ƙofar, sai wata maƙwabciya ta zo ta karɓi ƙullin. Kumandan ya tambaye ni me ke faruwa, na ce ƴar'uwarsa ce. Ƙarya ta biyu ta fi sauƙin fita.

Bayan sati kawu ya hau jaki ya koma, ya sauka nesa da gari ya ƙarasa a ƙasa. Aka ba shi ruwa da tabarma, amma ba ta fito ba. Ta aiko cewa ba ta riƙe shi da komai, sai dai ba ta iya ganin fuskarsa ba ta ji gangunan nan ba. Mutanen Karakara kuwa suka ce lamba ce ta hau masa kai, har ya kai wa uwa mutuwar ɗanta da kiɗa. Maganar ta bi hanyar motar ta iso Gaya.

Kawu bai taɓa cewa ni ce na hana shi sauka ba, ko ga inna. Na yi ta jira ya zage ni in huta, sai dai kullum da safe ya tambaye ni karatu. Ranar da zan koma lakwal na tsaya a bakin zaurensa da niyyar in faɗa gaban abokan hirarsa. Na gaishe su, suka sa mini albarka, na ɗauki akwatina na tafi.