Anti Je-ki-kwanta, Mai Jinyar Masu Jinya

"Baba, ina mai keken?"

Mai gadin asibiti ne ya yi tambayar, yana leƙa keken marasa lafiya da wani dattijo ya turo da sauri, gumi na bin gefen hularsa. Ga bargo a ninke, ga jakar magani a rataye, ga filas na ruwan ɗumi. Mutum ne kawai babu a ciki.

Dattijon tela ne, kuma kowa a wurin ya san shi, domin shi ke kawo matarsa ganin likita tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ya dubi keken, ya dubi mai gadi. Sai ya ɗaga bargon ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Haba Baba! Matarka ce fa, ba allura ba."

Nan Tela ya ɗora hannu a ka ya fara salati. Mutane suka taru. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wata ta ce a duba kwata, wani kuma ya zaro waya ya shiga ɗaukar bidiyo. Ana cikin haka wata gajeriyar mata mai silifas ɗin roba ta ratso taron, ko sauri ba ta yi. Ba ta tambaye shi inda ya bar matar ba, don ta san da ya sani da bai iso nan ba.

"Tela, a ina Mama ta yi maka faɗa na ƙarshe?"

Ya runtse ido. Can sai ya zabura. "Wurin mai faci! Ta ce na dire ta a benci kamar buhun siminti."

Ashe tayar keken ce ta sace a hanya. Ya ɗauki matar ya zaunar a bencin mai faci, aka gyara taya, ya kama keke ya yi gaba abinsa. "Wallahi har yaba masa nake a zuci," in ji shi daga baya. "Na ce wannan mutum ya iya aiki, keke ya yi sakayau kamar ba kowa a ciki."

Suka iske Mama daram a kan benci. Ciwo ya karɓe mata hannu da ƙafar hagu, amma da ya iso bakinta sai ya ji tsoro ya juya. Ta riga ta sa mai faci ya share gaban rumfarsa, tana cikin koya masa yadda ake gaishe da manya. Da ya hango keke, shi ya fara rugowa ya tarye su.

Gajeriyar matar nan mai silifas ita ce dalilin wannan rubutu. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma rabin mutanen da za su yi kukan tafiyarta ba su san sunanta na yanka ba. Anti Je-ki-kwanta suka sani.

Mataimakiya ce a wani ƙaramin sashen bincike da ke bayan ɗakin awon jini. Kullum tana isowa masu shara ba su gama ba. Ta buɗe tagogi, ta ɗora ruwa a butar lantarki, sannan ta shiga bayan wani labule ta kakkaɓe katifar wani dogon benci, ta juya matashin kai, ta gwada fanka. Duk sashen babu kayan aikin da ake ji da shi kamar wannan benci.

Abin da ake bincike a kai kuwa shi ne abin da doguwar jinya ke yi wa ƙwaƙwalwar mai jinya. Ba majinyacin ba, shi mai ɗaga shi da kwantar da shi. Duk wanda ya gamu da mai jinya, "Ya mai jiki?" zai ce masa, ya wuce. Ba mai tsayawa ya ce, "Kai fa, ya naka jikin?" To, wata matashiyar likita mai farin gilashi ta ce ita za ta tambaya, kuma za ta auna amsar. Mai jinya ya zauna a gabanta, ta faɗa masa wasu 'yan kalmomi ya riƙe, ta sa shi ya zana agogo, sannan ta ce ya maido mata kalmominta. Shi ke nan. Sai dai mai jinya ba ya iya zama sai an samu mai riƙe masa majinyaci, kuma don wannan aka ɗauki Anti.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce kujerar ɗakin gwajin tana da laushi. Matar da ta yi shekaru tana barcin zomo a gefen gadon surukarta, ka ba ta kujera mai laushi, ka kunna mata fanka, ka rufe ƙofa, sannan ka ce ta zana agogo? Wata ta zana da'irar, ta kifa kai a tsakiyarta. Wani ya riƙe kalma biyu ya tafi da su cikin minshari. Sai Anti ta fara tare su tun daga bakin ƙofa. Ta dubi idon mace, ta karɓe keken daga hannunta, ta nuna labule da haɓa: "Je ki kwanta." Maza ma suna samun rabonsu, amma mata sun fi yawa, sunan ya bi su.

Likita ta fito riƙe da ƙugu. "Anti, kina ɓata mini bincike. Gajiya nake son aunawa, ke kuma kina kwashe ta kafin ta iso teburina."

"To Likita, auna ta tukuna. In kin gama ki miƙo mini ragowar."

Likita ta cire gilashi ta yi tunani, sai ta ƙara nata: a auna mutum kafin benci, in ya tashi a sake auna shi. Tun daga ranar suka zama abokan cin mushe, ɗaya na aunawa, ɗaya na kwantarwa.

Yayin da masu jinya ke barci, Anti na waje da majinyata. Masu shara sun sha ganin ta tana karta da wani tsoho mai wankin ƙoda wanda ke ɓoye kati a ƙarƙashin cinya, tana gani tana kau da kai. Nas ɗin awon jini ta ce ta taɓa ganin ta ta canza wa wata gyatuma zanen da ya ɓaci a tsakiyar jama'a, da labule ɗaya da hira mai daɗi, har aka gama na kusa da su bai san an yi ba. Ke ce mai riƙon amanar da ke numfashi, Anti. Ke ce ake miƙa wa uwa a tafi a rufe ido.

Mu koma kan Tela, wanda shi ma yana cikin masu jinyar da Likita ke aunawa, don rigimarsa ba ta ƙare a rumfar mai faci ba. Bidiyon nan na bakin ƙofa ya yi yawo har ya faɗa wayar babbar 'yarsu, wadda ke shugabantar wani kamfani a wani gari mai nisa, kowa na kiran ta Manaja. Washegari sai ga ta a sashen, takalmi na ƙwas-ƙwas, mukullin mota a yatsa.

"Mama za ta koma wurina. Baba ya fara ruɗewa. Yau mai faci ne, gobe kuma wa ya sani? Likita, ki ba ni sakamakon gwajinsa in nuna wa dangi."

Likita ta ce sakamakon na mai shi ne, kuma bincike ba kotu ba ne da zai raba miji da mata. Za ta tura shi a duba shi yadda ya kamata, amma ba za ta miƙa wa kowa sanda ba. Manaja ta ce da takarda ko babu, mota na nan.

Tela ya ja Anti gefe. "Anti, can bene ne, kuma 'yar aiki za a ɗaukar mata. Ba ta son a fara ɗaga ta ta hagu. Ba ta shan magani sai an yi mata gardama tukuna. Wa zai san wannan?" Ya goge ido da gefen hula. "In suka tafi da ita, ni wa zai riƙa yi mini faɗa?"

Anti ta koma wurin Manaja da fara'arta. "'Yata, gaskiyarki. Ki tafi da ita. Amma ba a ɗaukar mutum ba a koyi aikinsa ba. Ki zauna mako guda a gidan, ke da ita, dare da rana. Baba ya koma shagonsa ya kwana can. In mako ya cika ki zo, ni da kaina zan sa ta a mota."

"Mako guda kawai? Anti, ma'aikata nawa ne a ƙarƙashina?"

"Akwai wanda kike juyawa a gado a cikinsu?"

Aka yi haka. Daren farko Tela ya kasa haƙuri, ya lallaɓo ya tsaya a gindin taga yana raɗa wa 'yarsa inda man shafawa yake. Da labari ya iso wa Anti, sai ta bi ta shagon da yamma ta kwashe takalmansa ta sa a jaka. Ranar da ya zo a duba shi, da aron silifas, ta tura shi bayan labule. Ya kwanta kafin azahar, masu shara suka share gefensa, aka rufe tagogi, sai da mai gadi ya zo ya taɓa shi don ya tabbatar yana numfashi.

Mako ya cika. Manaja ta turo keke, kuma a yi mata adalci, Mama na ciki. Amma takalman Manaja, na ƙafar dama daban, na hagu daban. Waya ta yi ƙara a jakarta, ta zaro rimot ɗin talabijin ta kara a kunne tana cewa, "Ina jin ka, yi magana mana!"

Likita ta ce wa Manaja tunda yanzu ita ma mai jinya ce, ko za ta yarda ta shiga binciken? Ta ce me zai hana. Abin da ya faru a ɗakin sirrinta ne, amma ita da bakinta ta fito tana tambayar jama'a ko agogo na da ƙarfe goma sha uku. Tela kuwa, da ya sha barci ya yi fes, ya zauna yana gaya wa nas cewa wanda ya ɗinka mata riga ya cuce ta a kafaɗa. Ba a ce ya koma saurayi ba. An gano jininsa ya hau, an ɗora shi a kan magani, an ce ya riƙa zuwa ana bibiyar mantuwar tasa.

Manaja ta zube a kujera, amma ba ta sauka daga bakanta ba. "Duk da haka, Baba shi kaɗai ba zai iya ba."

"Ba zai iya ba," in ji Anti. "Ke ma ba za ki iya ba. Amma tun ɗazu ake ta yanke shawara, wa ya tambayi mai keken?"

Kowa ya juya. Mama ta gyara ɗankwali da hannunta mai lafiya.

"Sai yanzu? Ita wannan a mako guda ta ba ni maganin safe a lokacin na yamma, ta zuba mini gishiri a shayi, ta kira ni da sunan direbanta. Shi kuwa sau ɗaya ya manta ni, kuma a bakin titi, na sha iska, na ga mutane. Ina nan a ɗakina. In kina son taimako, ke da ƙannenki ku riƙa zuwa kuna karɓar sa yana barci. Kai kuma rufe baki, kada ƙuda ya shiga."

Tela ya rufe baki, hawaye na zuba, yana dariya. Manaja ta buɗe nata za ta yi magana, sai hamma ta ƙwace. Anti ta nuna labule da haɓa. Ba sai ta faɗa ba.

Yau Mama na ɗakinta. 'Ya'yan na karɓa-karɓa, Manaja ce ma ke tsara wanda zai zo, kuma an ce ta fi kowa tsanani a kan lokacin barcin Baba. Binciken Likita bai ƙare ba. Ranar da aka buga shi, sunaye masu dogayen laƙabi za su hau sama, na mai silifas kuwa wataƙila a can ƙasa cikin godiya. Shi ya sa muka ce bari mu riga su.

Mun gode, Anti. Ke ce kika ga marar lafiya na biyu, wanda ke tsaye a bayan keke yana cewa lafiya lau. Ba ki rubuta wa kowa magani ba, benci kika shimfiɗa. Ku kuma da kuke karatu, kowannenku ya san wani gida da ake doguwar jinya. In kun je, bayan "Ya mai jiki?" ku dubi idon wanda ya buɗe muku ƙofa. Ku ajiye ledar lemon, ku karɓi aikin na yini ɗaya, ku tura shi ɗaki.

An riga an yi wa Anti liyafar sallama a farfajiyar sashen. Tela ya ɗinka mata doguwar riga ba tare da ya auna ta ba, ta kuma zauna mata cif. Likita ta kawo mata takalmi mai tsini, ta ce silifas ya yi ritaya shi ma. Anti ta saka, ta miƙe da ƙyar za ta yi jawabi, sai aka ji hayaniya daga bakin ƙofa.

Wani ƙaton mutum ne da ba wanda ya taɓa gani, ido jajir, riga a bai-bai, yana turo keke. A cikin keken wani tsoho ne ke dukan taya da sanda yana ihu.

"Jama'a ku cece ni! Wannan ba ɗana ba ne! Daga layin karɓar magani ya kwaso ni!"

Ƙaton ya tsaya. Ya zagayo gaba ya leƙa fuskar tsohon, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago a hankali.

"To ina nawa uban?"

Anti ta miƙa wa Likita abin magana. Ta tuɓe takalmi mai tsini, ta laluba ƙarƙashin kujera ta jawo silifas ɗinta.

"Bawan Allah," ta ce, "a ina ya yi maka faɗa na ƙarshe?"