Muryar Falke a Bayan Zana

Ni baduku ne ɗan baduku. Gafaka da kube da takalman da na ɗinka a birnin nan ba su ƙidayuwa, amma in ka tambayi tsofaffin da suka ci kasuwar Sakkwato a zamaninmu, ba wanda zai tuna maka ɗinkina. Cewa za su yi, ai shi ne jakin nan. Ba na jin haushi, gaskiya suka faɗa. Na yi jaki, na yi baƙauye mai ciniki, na yi tsohuwa da ƙyallen zane a ka, wata rana ma bakin rijiya aka mai da ni, na tsuguna na buɗe hannuwa ana jan guga ta kaina.

Mai wasan na ainihi taubashina ne, ɗan gwaggona. Sana'arsa wai tufkar igiya, amma ban taɓa ganin ya gama guda a yini ba. Zama yake a bakin hanya da ramar a cinyarsa, idonsa na kan mutane tun hantsi. In an idar da la'asar sai ya zo ya buga mini ƙafa a rumfa, mu nufi gindin wata tsamiya da ke bayan 'yan goro, ta wajen hanyar Ƙofar Dundaye. Ba mu da ganga, domin mai kula da kasuwa ya riga ya ja mana kunne, kuma a lokacin malamai ba sa wasa da zancen kiɗa. Kayan aikinmu tsohon rawani ne da sanda da faifai.

Ba mu taɓa zama mun shirya abin da za mu yi ba. Zai dai naɗa rawanin wani irin naɗi, ya karkata kafaɗa, ya yi taku kaɗan, kafin ya buɗe baki mutane sun fara nuna juna suna cewa ai wane ne. Na taɓa tambayarsa yadda yake kama muryar mutum haka, sai ya harare ni.

“Kai dai wawa na, murya ba ga maƙoshi take ba. Dibi abin da mutum ka so, da abin da shika tsoro. In ka kama waɗanga, murya da kanta taka biyo ka.”

Aikina shi ne in cafe duk abin da ya jefo. In ya dube ni ya ce ga mai albasa daga Wamakko, to na zama mai albasa ke nan, babu musu, kuma sai in mayar masa da abin da zai sa shi cikin wahala, in ce ai albasar jiya da ya ɗauka jakinsa ya cinye rabi. Da haka labari ke tsayuwa da ƙafarsa: wani yana son abu, wani ya tare hanya. Kuma ya iya tsayawa. Daidai lokacin da dariya ta yi zafi, mutane suna riƙe ciki, sai ya warware rawanin ya ce ga magariba nan tafe. Suna zaginsa suna jefa wuri a faifai.

Doka ɗaya gare shi, kuma bai taɓa karya ta a kasuwa ba. Ba ma kwaikwayon kowa sai wanda zai iya kora mu da sanda. Makaho da kuturu da bawa ba sa cikin wasanmu, balle mamaci.

Cikin duk mutanen da ya kama, babu wanda jama'a ke roƙo kamar wani falke mai goro. Ƙaton mutum ne, kirki gare shi in ka san shi, amma rowarsa a bakin ciniki sai addu'a. Kafin ya yi magana sai ya yi kaki, ya ja tsaki, sannan ya ce, “Ina dalili!” Ko gaishe shi ka yi, da haka zai fara. In ya buɗe huhun goro sai ya rufe rabi da hannun riga, wai kada ido ya rage masa kyau. Ranar farko da ya ji muna yinsa, da sandar kora jaki ya biyo mu har rumfar mahauta, ni kuwa da nake jaki ni na sha ta a gadon baya. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ya riƙa tsayawa can bayan taro yana murtuke fuska, in an watse ya tare taubashina ya ce tsakin bai yi tsawo ba, a gyara.

Wata shekara ya bi ayarin goro zuwa Gwanja bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi bayan sun ƙetare kogin Kwara, abokan tafiya suka yi masa sutura a can, jakunansa da kayansa kawai suka iso gida. Mun je gaisuwa, muka ajiye wasansa, ko da wani ya roƙa sai taubashina ya yi kamar bai ji ba. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har sandar tasa na yi kewa.

Bayan an ɗauke amfanin gona sai ga ƙanen marigayin a rumfata, ya tarar da mu biyu. Mutum ne mai sanyi, ba ruwansa da hayaniyar yayansa. Ya daɗe yana juya wani kube a hannu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Innammu ta aiko ni. Tun da labari yaz zo ba ta yi kuka ba, abinci ma sai an matsa mata. Kun san ɗan hwarinta na, gun kakammu yat tashi. Ko ya shigo gaisuwa kanta na duƙe, ba ta taɓa kiran sunanai ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba. Jiya tac ce mani ta nemi muryatai cikin kanta ta rasa. Ta ji yara na hwaɗin akwai mai yin shi kassuwa.”

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ta haife shi, ta kau da kai daga gare shi har ya yi furfura, kuma a yaba mata. Ban taɓa tunanin abin da ke rage mata ba in ya riga ta tafiya, sai ran nan.

Taubashina ya ce, “Ba mu yin mamaci.”

Ƙanen ya ce ya sani, amma bai tashi ba. Ni ne na kasa haƙuri. Na ce wa taubashina ai tsohuwar tana da muciya, in muka ɓata mata ɗa za ta iya kora mu har bakin ganuwa, saboda haka dokarsa ba ta karye ba. Ya ce mini jaki ba ya fatawa. Amma washegari da hantsi shi ya riga ni isa ƙofar gidan, da wankakkiyar riga, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba in ba salla ba.

A zaure na biyu aka sa mu. Tsohuwar ta ce a tsaya da zana tsakaninmu, domin in ta ga fuskar wani, kunnenta ba zai yarda ba. Muna jin motsinta ta zauna, muna jin matan gidan suna taruwa a bayanta. Ƙanen ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Nan taubashina ya yi kuskuren da sai mai kunya irinsa zai yi. Ya ga gidan makoki ne, ya ga uwa ce, sai ya wanke mutumin tas. Ya cire kakin, ya cire tsakin, ya cire rowar. Ya yi sallama doguwa mai daɗi da muryar falke, ya gaishe ta da ladabi, ya shiga yi mata addu'ar tsawon rai da gamawa lafiya. Muryar ta yi kama, wallahi ta yi kama, amma ni kaina na ji kamar an ba ni miya ba gishiri.

Can sai tsohuwar ta ce, “Wane malami na kunka kawo mani? Wancan bai iya wagga doguwas sallama ba. Tun daga ƙohwa nika jin tsakinai.”

Taubashina ya dube ni, idon nan nasa na iya shege ya koma na mai neman taimako. Muna jin ta tana jan tabarma za ta tashi. Ban yi shawara da kowa ba, na tsuguna a gabansa, na langaɓe kai irin na baƙauye, na miƙa hannu.

“Mai goro, ɗan gyara hwa? Ko ɗan ɓare guda, in kai ma tsohuwa.”

Jikinsa ya riga shi amsawa. Kafaɗar ta karkata, kakin ya fito, tsakin ya biyo baya, dogo kamar yadda marigayin ya ce a gyara.

“Ina dalili! Gyara? Kai kaɗ ɗauko shi daga Gwanja? Kai kash sha cizon ƙudan tsando? Ja da baya, numhwashinka na busam mani da goro!”

Na ce ai goron ma duk tsutsa. Ya rantse tsutsar ma daga Gwanja take, sai na biya ta dabam. Na koma jaki na sa baki a huhun, ya bi ni da zagi yana kewaya zauren. Matan gidan suka tuntsire. Cikin dariyarsu akwai wata busasshiya mai haɗe da tari, ƙanen ya ɗago kai da sauri da ya ji ta.

Muna cikin haka sai muryar tsohuwar ta ratso, ƙasa ƙasa.

“Kai. Ka ci wani abu?”

Na buɗe baki zan amsa, sai na gane ba da ni take ba. Ta karɓe mini wuri. Na ja jiki na koma gefe, ina sane da cewa taubashina falken kasuwa kawai ya sani. Bai taɓa ganinsa a cikin gida ba, bai san yadda yake zama gaban uwarsa ba. Ba shi da komai sai abin da za ta miƙo masa.

Ya zauna dab da zanar, ya yi gunaguni. “Mi aka ci gidanga in ba tuwon jiya ba?”

“Kai dai ƙanzo kaka so tun kana rarrahe.”

“To ina ƙanzon? An rabe ma ƙannena dud, ko?”

Ta ce, “Wanda aka kai maka ɗakin kakakka kullum da sahe, ni ka kankaro shi. Nic ce kada a hwaɗa maka.”

Taubashina zai iya yin mamaki, zai iya yin godiya, kowanne ya yi da ya karɓu. Sai ya ja ɗan gajeren tsaki.

“Na sani tun tuni. Tuwon kaka bai ƙonewa hakanan.”

Ta yi dariya, ta ce masa marar kunya. Ta ce tun yana yaro bakinsa ya fi shi girma. Ta faɗa masa ranar da ya fara tafiya, tana leƙensa ta kafar ƙofa, ya faɗi ya fasa leɓe, ta ƙi fitowa don mutane na tsakar gida, ta ciji hannunta har ya yi jini. Shi dai yana amsawa da kalma ɗaya biyu, yana gunaguni, yana bar mata fili. Ni da nake sana'ar sa mutane dariya, hawaye nake sharewa da gefen tsohon rawanin.

Na ɗauka ta gama. Daga nan ta kira sunansa. Sunan yanka, wanda ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ya fito mata a karkace, kamar bakinta bai san hanyarsa ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne.

Babu mahalukin da ya san yadda falke zai amsa wannan kira, domin ba a taɓa yi masa shi ba. Taubashina ya rufe ido ya ce, “Na'am, Inna.”

Ƙanen ya dafe baki da hannu, wata mata a ciki ta yi salati. Daga baya na ji dalili. Marigayin bai taɓa ce mata Inna ba. Kakarsa yake kira haka, uwar kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji 'yan ɗakin kakar suna faɗa, har ya bar duniya. Taubashina ya ga fuskar ƙanen, ya gane ya yi ɓaranɓarama, ya sunkuyar da kai yana jiran ta ce a fitar mata da maƙaryacin nan.

Zanar ta motsa kaɗan, yatsunta suka ɓullo ta tsakanin kara, sirara.

“Sake,” in ji ta. “Sake hwaɗi.”

Ya sake faɗa, da muryar falke. Sai kukan da ta riƙe tun ranar da jakuna suka iso ya ɓalle mata, matan gidan suka rufa a kanta. Ƙanen ya yi mana alama da hannu, muka ɗauki takalmanmu muka fita ba sallama.