Jirgin da ke leƙa makewayin Kaka

Abin da na fara gani a unguwarmu ta Arlit, ranar da kar, babbar motar fasinja, ta sauke ni daga Damagaram, shi ne tabarmi a sama. Kowane gida akwai kusurwar da aka ɗora wa wani abu: nan tabarma, can buhun siminti da aka farke, wani gidan ma tsohon gidan sauro, duk an danne da duwatsu. Na so in tambayi Kawu, wanda ya taro ni a tasha, amma ni ba mai tambaya ba ce.

Shekarata goma sha biyu. An turo ni wurin Kawu in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, kuma abin da ya hana ni kuka a hanya shi ne Kaka tana can. A hannunta aka yaye ni. Ta zo taya Tanti, matar Kawu, zaman jego, sai ta zarce da zama. A duk garin ita kaɗai nake iya yi wa magana ba tare da na kalli ƙasa ba.

Washegari da hantsi na gane zancen tabarmin. Ina tsince shinkafa sai na ji wata ƙara daga nesa, murfin tukunya ya fara rawa. Wata mata a maƙwabta ta yi ihu, “Ga shi nan!” Tanti ta karɓa, gidan gaba ma suka karɓa. Sai ga Kaka ta fito daga makewayi da gudu, zane a ƙirji, kumfa a kunne, takalmi ƙafa ɗaya. Inuwar jirgi ta share tsakar gidan ta wuce.

“Kin ga marar kunyar, ƙawata?” in ji ta, tana haki. “Shekara saba'in ina wanka, Allah kaɗai ke ganina daga sama. Yanzu an ƙaro min ’yan kallo.”

A da jirgin kamfanin haƙar ma'adini ta bayan gari yake saukowa, inda babu kowa sai raƙuma. Watanni kaɗan kafin zuwana aka canza masa hanya. Wasu sun ce gyara ake a filin jirgin, wasu sun ce wani dogon ƙarfen waya aka kafa. Makewayinmu kuwa, kamar na kowa a unguwar, katanga huɗu ne babu rufi, don rana ta riƙa busar da shi. Tabarmin ba su yi wani amfani ba. Iskar Arlit ba ta barin abu a inda aka ajiye shi. Ta Kaka sau uku tana tashi, na ƙarshe akuyar maƙwabta ta cinye rabinta.

Maza suka taru a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, aka rubuta takardar kuka da Faransanci. Kawu ya dawo ya karanta mana. An rubuta cewa ƙarar jirgi tana tsaga katanga, tana tada jarirai, tana katse wa liman karatu, kuma awaki sun rage nono.

“Ina zancen makewayi?” in ji Tanti.

Kawu ya sosa ƙeya. “Haba. Wa zai iya rubuta wannan a takardar hukuma? Da dattawa a zaune?”

“Ƙara!” Kaka ta ce. “Injin niƙan bayan gidan nan tun safe yake kuka, wa ya kai shi ƙara? Ku maza an aike ku neman magani kun dawo da labarin awaki.”

Bayan mako biyu aka turo wani mutum da wata na'ura kamar rediyo, wai ta auna ƙara. Ya zauna a kan benci ƙarƙashin bishiya tun safe har azahar. An kawo masa shayi sau uku. Jirgi bai zo ba. Na lura allurar na'urar sau ɗaya ta motsa sosai, lokacin da jakin mai ruwa ya yi kuka a kusa da ita. Mutumin ya rubuta wani abu a kaye, ɗan littafinsa, ya tafi.

Daga nan Kawu ya ce shi zai kwantar wa Kaka da hankali. Ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya, tun yana aiki a Akokan kafin a rufe ramin haƙar, lokacin da aka kai shi asibiti a Yamai.

“Inna, wallahi ba a ganin komai daga can.”

“Ka leƙa?”

Ya hau gyara hularsa.

“Na ce ka leƙa?”

“To, lokacin tashi dai idona a rufe yake. Ina addu'a.”

“Lokacin sauka fa?”

Tanti ta shige ɗaki da dariyarta. Don ya wanke kansa, Kawu ya ciro salula ya buɗe hoton garin da aka ɗauka daga sama. “Duba, Inna. Gidaje kamar ƙwayar gero.” Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ya ƙara buɗawa, don ya nuna iyawa. Kaka ta matso da fuska.

“Wannan ba bishiyar ƙofar gidanmu ba ce? Wannan ɗakina. Wannan kuma…” Ta ɗora yatsa a kan ’yar kusurwar makewayin. Ba ta ƙarasa ba.

Da yamma na tarar ta ƙulle zannuwanta a babban ɗankwali, ta ɗora butarta a kai. Ta ce ranar Lahadi za ta bi kar ta koma gida, inda mutum zai yi wanka cikin mutunci. Ta shafa kaina ta ce in yi karatu, Tanti za ta kula da ni. Tanti mutuniyar kirki ce, amma har lokacin ban taɓa haɗa mata jimla biyu ba.

Ranar Alhamis babu lakwal da yamma, jirgin ya zo. Aka yi ihu, kowa ta ruga ɗaki. Ni na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai. Ashe tun da aka fara wannan rigima ba wanda ya tsaya ya kalle shi. Cikinsa fari ne sumul, da ƙafafu uku a waje, babu taga ko ɗaya. Tagogin a gefe suke. Na buɗe baki zan kira Kaka, sai ya karkata. Daidai kan bishiyarmu ya sauke fiffiken hagu don ya juya wajen filin, tagogin suka fuskanci ƙasa, har na ga kamar kan mutum a ɗaya. Daƙiƙa kaɗan ne. Da zai yi haƙuri ya wuce layinmu da na baya, sai fili, sai juji.

Gida na uku daga namu akwai wani dattijo mutumin Abzin, direban motar da ke ɗauko matuƙan jirgin daga fili. Kullum da yamma yana ƙofar gida yana dafa shayi, rawani ya rufe masa baki. Sau biyu na wuce shi na dawo. A na uku ya kira ni, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji.

“Yarinya, mi kake nema? Tun ɗazu kana auna hanya.”

Na durƙusa na gaishe shi. Ya zuba shayi daga sama, ya mayar, ya sake zubawa, bai gaggauta ni ba. Na faɗa masa zancen Kaka da ƙullin kayanta da kar ɗin Lahadi. Idanunsa suka ƙanƙance a saman rawanin, amma bai bari na ji dariyar ba.

“To, ni ba ni tuƙa jirgi, ɗiyata. Mota nake tuƙa.”

“Na sani, Baba. Amma kana ɗauko mai tuƙin.” Na kalli gawayin da ke ƙarƙashin butarsa. “Don Allah ka ce masa ba mu hana shi wucewa ba. Ya dai bari sai ya wuce gidanmu kafin ya karkata. Kuma in ya yarda, ka zo da kanka ka faɗa wa Kaka kafin Lahadi.”