Buzun Malam Yero

Duk wanda ya yi wayo a Ƙofar Kabuga a shekarun da garmaho ya fara yawa a birni ya san Malam Yero. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma ba hula ce ta fito da shi ba. In watan Maulidi ya kama, shi ke zama a kan buzu a ƙofar masallaci bayan la'asar, yana jan tsoffin baitocin yabon Manzo na Larabci, jama'a na amsawa. Baitocin dai akwai su wurin malamai. Karin da yake rera su da shi ne babu a bakin kowa. Wurin mahaifinsa ya ɗauka, shi ma wurin nasa, tun suna bin shanu.

Kari ne mai nauyi, ba ganga ba tafi, sai numfashi. Yakan riƙe gaɓa ɗaya har ka ce ya manta da ita, sannan ya sauke ta a hankali kamar mai sauke tulu. Ƙattan mahauta ma sai ka ga suna share ido.

To, murya ta fara gajiya. Ya gwada samarin unguwa, kunnensu bai ɗauka ba. Ɗansa namiji ɗaya ne, Hammadu, kuma ɗan fari. Malam kuwa Bafulatani ne na gaske wajen kunya. Tun yaye aka kai yaron gidan Bappansa, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama inuwa ɗaya da shi ba. In dole ta kama sai ya ce "wancan". Abin na cin Malam ƙwarai, don ya san ranar da ya mutu karin zai bi shi kabari.

Wancan ɗin tela ne, kuma shi ne mai garmahon unguwa. Wuni yake yana wana shi, daga fayafayan Masar sai na Ikko, yana taka keken ɗinki yana bin waƙa tiryan-tiryan.

Wata rana Nata'ala mai goro, aminin Malam, ya tsokane shi. "Malam, tsakaninka da Allah, waƙoƙin garmahon nan ba daɗi?"

"Da daɗi mana, ni kurma ne?" in ji Malam. "Ai su ma bege suke yi, sai dai na 'yan mata. Amma ko kuka ka yi, faifan bai sani ba. Yadda ya faɗa jiya, haka zai faɗa gobe. Namu kuwa yana jiran masu amshi, in sun gaji ya sassauta musu." Ya ja zaren ɗinkinsa. "Wancan dai yana da kunne."

Washegari Malam ya ce inuwar ƙofar gidansa ta yi masa zafi. Ya kwashi zare da allura ya koma gindin bangon shagon tela, ta baya, ya ja Nata'ala wai zai koya masa kari. Nata'ala fa, wanda in ya yi amshi awaki ke watsewa! Kullum da hantsi Malam na ɗinki yana rerawa da ƙarfi, yana maimaita wurare masu wuya, Nata'ala na gyangyaɗi. Ba wanda ya ce wa kowa komai. Sai dai unguwa ta lura garmaho ya daina kuka da hantsi, keken ma a hankali ake taka shi.

Maulidi ya zo, ƙofar masallaci ta cika. Malam ya ja baitoci lafiya lau har ya kai gaɓar nan mai tsawo, sai murya ta tsinke. Ya sake ɗauka, tari ya sarƙe shi. Can daga sahun baya wata murya ta ɗauki gaɓar daidai inda ta faɗi, ta riƙe ta, ta sauke ta a hankali. Tsofaffi suka waiga, don sun rantse mahaifin Malam suka ji.

Malam bai waiga ba. Ya miƙe, ya karkaɗe buzun, ya sake shimfiɗa shi. "Nata'ala, ka ce da wancan ya matso gaba."

Da yake ba za su zauna wuri ɗaya ba, sai ya ɗauki takalmansa ya zaga bayan masallaci. A nan Nata'ala ya same shi tsugune, kunne a jikin bango, hawaye na bin gemu, yana amshi ƙasa-ƙasa.